Rigar Sanyin da Ta Kai Ƙanina Ingila

Shekarun baya can da nisa, ana cikin ɗokin sabon mulkin kai, ni kuma ina gidan aurena a Dutsin-Ma da 'ya'ya biyu ƙanana, son saƙa ya kama ni kamun da har yau bai sake ni ba. Masu yawan tambayata inda na samo shi, to yau ku gyara zama.

Maƙwabciyarmu ce ta shafa mini. Matar malamin asibiti ce, 'yar Zariya, an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa garinmu. Ranar da na shiga yi mata barka da zuwa, na tarar da ita a kan tabarma da wasu tsinkaye biyu a hannu, zare yana tahowa daga cikin kwando, yatsunta suna ta rawa, ita kuwa tana kallona tana hira kamar hannuwan ba nata ba. Mu a gidanmu na Kurfi kaɗi muka sani. A gurje auduga, a shiɓe, a kaɗa, a kai wa masaƙa. Ban taɓa ganin mace ta zauna ita kaɗai ta fitar da riga daga zare ba. Gaisuwar da na je yi a tsaye, sai da aka kira la'asar ina durƙushe a gabanta baki buɗe.

Ta ce za ta koya mini, amma ba ta da tsinkayen da za ta ba ni. Na dawo gida na tasa maigidana gaba da naci. Shi fataucin hatsi yake yi, mutum ne mai haƙuri ƙwarai. Da ya ga ba zan bar shi ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali ba, sai ya je wurin mai gyaran keke ya karɓo wayoyin ƙafar keke guda biyu, ya goge bakinsu a kan dutse, ya miƙo mini. Wallahi ko ranar da aka kawo kayan lefena ban yi murna irin ta wannan rana ba.

Daga nan gidan ya shiga uku. Tuwo ya ƙone ba sau ɗaya ba. Na taɓa barin akuya ta cinye rabin garin da na tankaɗe ina zaune kusa da ita, ban ɗaga kai ba. Abin da na fara gamawa hula ce ta maigidana. Da ya sa ta, sai ta zarce har bisa hancinsa. Ya tsaya a tsakar gida ba ya ganin gabansa, ya ce, "Ta yi kyau. Sai dai wa zai riƙa jana zuwa masallaci?" Ban ji haushi ba, warwarewa na yi na sake. Na saƙa wa yarana safa suna yawo da ita cikin zafin bazara, na saƙa wa buta riga, na saƙa wa madubina gida. Duk abin da ya tsaya wuri ɗaya a gidan nan sai na auna shi.

Ana nan, farkon damina an gama shuka, sai ga saƙo daga Kurfi cewa mahaifina yana nemana. Na goya ƙaramar, na riƙe babban, maigidana ya sa mu a motar da ke zuwa Katsina.

Abin da na tarar shi ne, an zaɓi ƙanina zai tafi Ingila ƙaro karatu. Shi ne autanmu, malamin makaranta ne a lokacin, ko aure bai yi ba. Gari ya ɗauka, ana ta shigowa barka. Ni da na ji, guɗa na rangaɗa tun daga zaure. Sai na lura ni kaɗai nake yi. Mahaifiyata tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ko kallona ba ta yi ba.

"Inna, ba ki ji abin arzikin da ya same mu ba?"

"Na ji. Ba shi zuwa."

Ashe wani tsohon soja ne a unguwarmu, wanda ya je yaƙin Turawa, ya shigo yi mata barka ya ɓata komai. Ya ce mata a Ingila in mutum ya tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Ya ce kunnen baƙin mutum in sanyi ya buge shi, ɓallewa yake kamar ƙuli-ƙuli. Daga baya muka gane shi kansa bai taɓa taka Ingila ba, a bakin wani Baturensu ya ji. Amma magana ta riga ta zauna. Ga shi kuma ƙanina tun yana yaro mai ciwon ƙirji ne, duk sanyi sai ta kwana tana gasa masa ƙirji da tsumma. Ba rigima take yi ba, tsoro ne na gaske.

Mahaifina yana so ya tafi, amma ya ce ba zai tura yaro ƙetaren teku uwarsa tana kuka ba. Ƙanina kuma ya ce in Inna ba ta sa albarka ba, ko Katsina ba zai wuce ba. An ba shi wa'adi zuwa ƙarshen damina, in ba zai je ba a ba wani gurbin. Na same shi a bayan rumbu zaune, ya haɗa kai da gwiwa, duk ya faɗa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na koma wurin mahaifiyata na ce, "Inna, in sanyi ne kaɗai matsalar, ni zan saƙa masa rigar da sanyi ba zai ratsa ba. Irin wadda Turawan da kansu suke sawa."

Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa. Labarin hular maigidana ya riga ni isowa Kurfi.

"Ke?"

"Ni."

"To saƙa in gani da idona. In na ga abin da zai tare sanyin, sai a yi magana."

Ina jin ta faɗa ne don ta sallame ni. Ni kuwa na riƙe maganar da hannu biyu. Ku tuna fa, a lokacin ban taɓa saƙa rigar mutum ba. Ta buta kawai.

Na koma Dutsin-Ma a motar washegari, ko mayafi ban ajiye ba na faɗa gidan maƙwabciyata. Ta saurare ni, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗauko wata tsohuwar rigar sanyin mijinta ta shimfiɗa a tabarma. Ta nuna mini yadda ake yin gaba daban, baya daban, hannuwa daban, a zo a haɗa. Ta ce ulu ake so, gashin tumakin Turawa, shi ke riƙe ɗumi. Maigidana ya zagaya kantunan Katsina, abin da ya samo bai fi na hula da wuyan riga ba. Na ce ba komai, ai muna da auduga. In aka kaɗa abawa mai kauri aka riɓanya ta, me zai ratsa ta?

Maigidana ya ce in koma Kurfi in zauna har in gama, tunda can masu kaɗin suke. Ina jin shi ma yana son ya huta da ƙonannen tuwo ne.

Ai kuwa gidanmu ya zama kamar gidan biki. Gwaggona ta zo da magurjinta, matar yayana tana shiɓa, auduga tana tashi tana sauka a kan kowa, yara suna ta atishawa suna dariya. 'Yan matan maƙwabta suka zo da mazaransu. Ana kaɗi ana hira, ana dafa ɗanyar gyaɗa, in ruwa ya sauko a kwashi kaya a ruga ɗaki da ihu. Da na gwada abawar a kan wayoyin kekena sai suka lanƙwashe, sun yi mata siriri. Ban gaya wa kowa ba, ina ta fama. Da hantsi sai ga mahaifina ya shigo, ya ajiye wasu tsinkaye biyu na itacen aduwa kusa da ƙafata, ya feƙe su ya goge sun yi santsi kamar an shafa musu mai. Ya juya zaure. A nan na san ɓangaren da yake.

Mahaifiyata kuwa ta ce babu ruwanta. Tana wucewa ta gefenmu kamar ba ta gan mu ba. Amma ita ce gwanar kaɗi a duk unguwar, kuma gwani ba ya iya kallon ana ɓata aiki. Ran nan ta tsaya a kan wata yarinya, ta kalli zarenta, ta ce, "Wannan mi ne ne? Nan kauri, nan siriri, kamar hanjin kaza. Ba ni nan." Ta karɓe mazarin. Wai za ta nuna mata ne kawai. Har aka yi azahar ba ta mayar ba. Muka riƙa satar kallon juna ni da gwaggona muna danne dariya.

Da zaren ya taru, ni ce na ce a kai marina. Fari zai yi saurin datti, kuma ina so ƙanina ya shiga cikin Turawa da shuɗi mai ƙyalli, su san daga gidan mutunci ya fito. Marinin ya ce a bar shi ya wanke ya sake wankewa, ya sha iska sosai. Na ce ba lokaci, a ba ni haka nan. Hannuwana suka yi shuɗi har gwiwa wajen saƙa, ban kawo komai a raina ba.

Na saƙa gaba, na saƙa baya. Saƙar ta zame daga tsinke ta warware ba adadi, in yi kamar zan yi kuka, in sake kamawa. Kullum da yamma in ƙanina ya dawo daga makaranta sai in tsayar da shi in kara masa a jiki. Ya ce, "Yaya, wannan riga ce ko sirdin jaki?" Na ce ya rufe mini baki, shi ake yi wa.

Wata safiya mahaifiyata ta zo ta ɗaga abin da na saƙa, ta jinjina nauyinsa a hannu, ta tura yatsa ta ga bai wuce ba. Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta ce, "To wannan ta yawo ce. In ya zo kwanciya fa? Da ita zai kwana?"

Ta shiga ɗaki, muka ji tana jan adudunta. Ta fito da zannuwanta na saƙi, tsofaffi masu ƙwari, har da wanda ba ta taɓa bari kowa ya taɓa ba, na ranar da aka kawo ta gidan. Ta shimfiɗa ɗaya a tabarma, ta sa aka baje shiɓaɓɓiyar auduga a kai, ta rufa wani, ta ɗauko basilla. Inda zanen bai kai ba ta cike da ƙyallayen da kowa ya kawo: gefen tsohuwar rigar mahaifina, ɗankwalin gwaggona, har zanen goyon 'yata sai da aka yanki bakinsa. Ta riƙa bin sa da ɗinki layi-layi, ƙanana, a jere kamar kunyoyin gona, don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Ban taɓa ganin an yi bargo haka ba, ita ma ba ta taɓa yi ba. Tunaninta ne kawai ya ba ta.

Gwaggona ta matso ta raɗa mini, "Wadda ta ce ba shi zuwa, bargon wa take ɗinkawa?" Na ce ta yi shiru kada Inna ta ji ta fasa.

Ranar da na haɗa rigar, na ɗinke wuyan da ulun nan ja, na saƙa hula da ragowar, sai na ga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ba kaɗan ba. Na ce a naɗe, ai ƙarin ɗumi ne.

Mahaifiyata ta ce to a gwada a gabanta. Ranar kuwa irin ranar nan ce da hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, gari ya yi ɗif, ko ganye ba ya motsi, mutum yana zaune gumi yana bin bayansa. Rana tsaka. Ƙanina ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Yanzu, Inna?" Ta ce, "Yanzu."

Ya tuɓe rigarsa ya zura tawa. Da ƙyar kansa ya fita ta wuyan. Aka kafa masa hula har kunne. Mahaifiyata ta ce a yafa masa bargon ma, ai tare za su yi aiki. Aka yafa. Ya tsaya a tsakiyar gida kamar rumbu, mata sun kewaye shi, yara sun hau katanga, mahaifina ya leƙo daga zaure.

"Kana jin iska na shiga?"

"Inna, wace iska?"

"Zagaya in gani."

Ya zagaya. Ta ce ya je bakin rijiya ya dawo. Ya je ya dawo yana haki. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa kamar an kwara masa ruwa. Ya ce, "Inna, don Allah, in ba so kike in mutu a Kurfi kafin in kai Ingila ba, a cire mini."

Muka taru muka ja rigar ta kansa. Da rigar ta fita sai kowa ya zuba masa ido.

Ƙanina ya zama shuɗi. Wuyansa, ƙirjinsa, bayansa, hannuwansa har yatsu, duk shuni ya bi gumi ya kama shi. Inda ya share fuska da hannun riga, nan ma ya bar masa shuɗin gemu. Ya dubi cikinsa, ya dube ni, ya ce, "Yaya, me na yi miki?"

Ni dai na ce a raina shi ke nan, na kashe maganar tafiya da hannuna. Sai muka ji wani sauti daga bakin ɗaki. Mahaifiyata ce. Ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa, ta kasa riƙewa ta fashe da dariya. Tun da aka fara maganar Ingila ba wanda ya ga haƙorinta. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, har hawaye, gidan duka ya ɗauka, mahaifina yana riƙe da bango. Can dariyar tata ta juye, muka ga hawayen ba na dariya ba ne kuma. Ta miƙa hannu ta kira shi. Ya zo ya durƙusa a gabanta da shuɗin jikinsa. Ta dafa kansa ta ce, "Abin da ya dafa ka haka a Kurfi, ba ya barin ka daskare a can. Tashi ka tahi. Allah ya kai ka lahiya, ya maido mini kai lahiya. Na yarda."

Guɗar da na yi a ranar, sai da muryata ta dushe. Ƙanina ya rungumi rigar yana tsalle kamar ƙaramin yaro, ya manta shi malami ne. Kafin la'asar ruwan da ya ƙi zuwa ya ɓarke, muka bar shi a tsakar gida da sabulun salo yana dirzar jiki, ruwa shuɗi yana bin kwata. Sai da ya yi kwanaki yana zuwa makaranta da shuɗin wuya, yara suna leƙensa. Rigar kuwa muka mayar wa marinin, ya wanke ta yadda ya so tun farko, yana yi yana girgiza kai.

Da kaka ta kusa ya tafi. Muka raka shi bakin hanya, bargon a ɗaure da igiya ya fi akwatinsa girma. Daga baya ya ba mu labari cewa sanyin gaskiya ne, ba ƙarya, kuma rigar ta yi masa rana, duk da sai ya sa kwat a kai yake iya fita da ita saboda hannun nan. Bargon kuwa matar da ya zauna a gidanta ta yi ta shafa ɗinkin tana tambayar wane kanti ya saya.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ba wannan ba ne. Ranar da zan koma Dutsin-Ma, na ɗaure kayana, sai mahaifiyata ta riƙe tsinkayen aduwar nan ta ce, "Bar mini waɗannan. Zauna ki nuna mini yadda ake yi." Na fasa tafiya sai da ta iya safa.

Shekarun da ya yi a can, duk zuwan da zan yi Kurfi sai in same ta a ƙofar ɗaki tana saƙa. Abin da ta saƙa ba ta taɓa ba kowa ko ɗaya ba, ba ta kuma aika masa ba, don ba mai zuwa. Da ya dawo, cikin tsakiyar bazara, bayan an ci an sha an watse, ta jawo wata babbar ƙwarya ta buɗe a gabansa. Cike take da safa da huluna, wasu ma ba su da 'yan'uwa.

Ya ce, "Inna, ai na dawo. Ina zan kai waɗannan a zafin nan?"

Ta ce, "Wa ya ce maka don ƙafarka na yi? In hannuna ya tsaya, zuciyata ce ke tahiya inda kake. Shi ya sa ban bari ya tsaya ba."

A lokacin dariya na yi, don ina da ƙuruciya, kuma nawa 'ya'yan duk suna gabana. Sai da su ma suka girma suka watsu, wannan yana wancan gari, waccan tana wata ƙasa, sannan na gane abin da take nufi. Na daɗe ina ɗauka ni ce na ci nasara a kanta da rigata mai karkataccen hannu. Yanzu na san tun ranar da ta karɓi mazarin nan take neman hanyar da za ta sake shi, mu dai mun ba ta abin riƙewa ne kafin ta iya.

Allah ya jiƙan mahaifiyata da mahaifina da maigidana. Ƙanina yana nan da ransa, ya tsufa, ya yi furfura har gira. Har yau in sanyi ya shigo na kira shi na ce zan saƙa masa riga, sai ya ce, "Na gode, Yaya. Amma don girman Allah, fara."